Karantar Da Yara A Gida: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Kafin Ta Fara

   

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne wata baiwar Allah da ta same ni kwanakin baya, bayan an tashi daga Islamiyyar matan aure. Ta jira har kowa ya watse, sannan ta matso ta ce, "Malama, Baban yara ya ce daga wannan zangon ba za su koma boko ba, wai ni zan riƙa koya musu a gida. To ni ta ina zan fara?" 'Ya'yanta uku ne, babbar tana aji huɗu na firamare. Kuɗin makaranta ya fi ƙarfin maigida, ga kuɗin adaidaita sahu kullum zuwa da dawowa. Ita kuwa iyakacin karatunta sakandare.

Na san ba ita kaɗai ba ce. Wasu tsadar rayuwa ce ta kai su ga haka. Wasu kuwa tsoro ne, domin tun abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, akwai iyayen da hankalinsu ba ya kwanciya sai sun ga yaro ya dawo gida. Akwai mai yaron da ke fama da ciwon sikila, rabin zango yana kwance. Akwai kuma 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje da ke tsoron abin da ake cusa wa yara a makarantun can.

Tun da wuri in faɗa miki matsayina, uwargida. Ni malamar makaranta ce, kuma ba kira nake yi a kwashe yara daga makaranta ba. Idan akwai makaranta mai kyau kusa da ke, kuma kuna da hali, ki bar ɗanki a cikinta. Wannan rubutu na wadda lalura ta sa karatun ya dawo hannunta ne. Abin da nake jiye mata tsoro guda ɗaya ne, wato a wayi gari yaro ba ya makaranta, kuma a gidan ma ba a koya masa komai. An yi ba a yi ba ke nan.

ABIN BA SABO BA NE

Mu a ƙasar Hausa gida ya daɗe yana zama makaranta. Zaurukan malamai da tsakar gidajen modibbai su suka yaye kakanninmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, a gidan mahaifinta ta yi karatu har ta zama marubuciya cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horar da jajis, ta naɗa musu malfa, su koma ƙauyuka su karantar da mata a cikin gidajensu.

A ƙasashen Turawa kuwa, karantar da yara boko a gida ya sake bunƙasa ne a Amurka daga shekarun 1970. Wani tsohon malamin makaranta mai suna John Holt ya kafa mujalla ta musamman a kan haka a 1977, kuma zuwa 1993 abin ya zama halattacce a dukkan jihohi 50 na ƙasar, sai dai kowace jiha da nata sharuɗɗan. A Ingila dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye alhakin ilimantar da yaro, ko a makaranta ko ta wata hanyar. A Afirka ta Kudu an yarda, amma sai an yi wa yaro rajista da hukuma. A Jamus kuwa doka ta hana, dole yaro ya je makaranta. Don haka 'yar'uwa mazauniyar ƙasar waje, kada ki ɗauki shawarar wata ƙasa ki yi aiki da ita a inda kike. Ki fara sanin dokar wurin tukuna.

ME DOKAR ƘASARMU TA CE?

A Nijeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9: shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Ta ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa yaro ya je makaranta kuma ya kammala. Kamar yadda aka kafa ta, wanda aka samu da laifin saɓawa a karon farko za a ja masa kunne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda, daga nan kuma Naira 5,000 ko wata biyu. Dokar ba ta ware wa karatun gida wani gurbi ba.

Saboda haka kada ku yi abin a ɓoye. Maigida ya je ya ga hedimastan makarantar gwamnati mafi kusa, ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya bayyana uzurinku. Ku nemi sunan yaro ya kasance a rajistar wata makaranta, ya riƙa zuwa yana zana jarrabawar ƙarshen zango tare da sa'o'insa. Wannan zai amfane ku ta fuska biyu: kuna da hujja a hannu, kuma za ku riƙa sanin inda yaronku ya tsaya idan aka gwada shi da 'yan ajinsu.

KUSKUREN DA NA YI

A watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona, na ce ai ni abin zai zo mini da sauƙi, tunda ina da takardar NCE. Na zana jadawali irin na makaranta, darasi takwas a yini, daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya, har da ƙararrawa, wato murfin tukunya da cokali. Ba a yi sati biyu ba muka gaji da juna. Ga girki, ga goyo, ga baƙi. Na zama mai tsawa, 'yata da ke son karatu ta koma ɓuya a bayan ƙofa idan ta ga na ɗauko alli.

Wata dattijuwar malama da muke koyarwa tare ce ta warware mini. Ta ce, "Ke 'yar nan, a aji yara nawa kike koyarwa?" Na ce sun fi hamsin. Ta ce, "To yawancin lokacinki a can yana tafiya ne wajen kiran suna, da raba faɗa, da duba littattafai hamsin. A gida yara biyu gare ki. Me za ki yi da awa biyar?" Daga ranar na rage zuwa awa biyu, kuma abin da muka samu a cikinsu ya fi na da nesa ba kusa ba.

YADDA ZA KI TSARA YINI

Ga tsarin da ya yi mini aiki, ki gyara shi daidai da gidanki. Bayan sallar asuba da azkar, a yi karatun Alƙur'ani na kamar minti 30, tilawa da ƙarin aya biyu ko uku. Bayan an karya kumallo an yi shara, daga ƙarfe 9 zuwa 11 lokacin boko ne: karatu da rubutu, lissafi, Turanci, sannan darasi guda da ke canjawa kullum, yau kimiyya, gobe tarihi, jibi zane. Bayan la'asar kuma su tafi Islamiyyar unguwa. Wannan kada ki kuskura ki cire su daga cikinta, domin a nan za su haɗu da sa'o'insu, su saba da malamin da ba uwarsu ba.

Yaro ɗan shekara 6 ko 7 ba ya iya tattara hankalinsa wuri guda fiye da kamar minti 15. Idan kin ga ya fara mutsu-mutsu, ki sallame shi ya sha ruwa ya zagaya, sannan ku dawo. Idan yaran sun bambanta a shekaru, ki ba babba aikin rubutu, ki zauna da ƙarami, daga baya ku yi musanya. Ki ware wuri guda, ko da tabarma ce a gefen rumfa, da akwati ko kwali na ajiye littattafai. Awa biyun nan kuwa ki ɗauke su da muhimmanci. Ki ajiye waya, ki sanar da maƙwabta cewa lokacin karatu ne, kada a aiki yaro sayen magi a tsakiyar darasi. Kullum kaɗan-kaɗan ya fi a yi da yawa yau a bari sai wani sati, da ma an ce sannu ba ta hana zuwa.

DA ME ZA A FARA?

Ki fara da koya masa karanta Hausa. Na san iyaye da yawa sun fi ɗokin su ji yaro yana Turanci, amma a ajina na sha ganin yaron da ya haddace waƙoƙin Turanci tas, a ba shi layi guda ya kasa karantawa. Rubutun Hausa yana da sauƙi, domin yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wasula biyar ne: a, e, i, o, u. Ki koya masa sautin harafi, sannan ku haɗa gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Daga nan sai kalma, kamar baba, tuwo, gida. Kada ki manta da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ki nuna masa bambancin bari da ɓari, da kuma kafa da ƙafa. Yaron da ya gane yadda ake haɗa baƙi da wasali cikin harshen da yake ji, idan ya zo Turanci ba daga tushe zai fara ba.

Lissafi kuwa kayansa suna cikin madafinki. Wake da tsakuwa da murafun kwalba sun isa koyar da ƙidaya da tarawa da ɗebewa. Ki yanka lemo gida huɗu, ga rabi ga kwata. Ki sa shi ya auna gwangwani nawa ke cika mudu. Ki buɗe masa kantin wasa, ki saya ya ba ki canji. Kimiyya ma haka: ku shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a cikin ɗaki mai duhu, ya riƙa zana abin da ya gani kullum. Sai yaro ya taɓa abu da hannunsa sannan lambar da ke kan allo take yi masa ma'ana.

KAYAN AIKI DA INDA ZA A SAME SU

Na farko, manhaja. Hukumar NERDC ce ke tsara abin da ake koyarwa a kowane aji a Nijeriya, kuma an sake wa manhajar fasali a 2025. Don haka idan za ki sayi littattafan aji, ki tambayi malamin firamare waɗanda ake amfani da su yanzu. Ki roƙi a ba ki tsarin darussan zango, wanda ke nuna abin da za a koyar mako-mako, ki yi hotonsa. Da shi za ki san ba ki tsallake komai ba.

Na biyu, littattafan Hausa. Ka Koyi Karatu, da Ka Ƙara Karatu, da Ka Yi Ta Karatu sun yaye iyayenmu, kuma har yanzu suna da amfani. Akwai littattafan Mu Karanta da aka yi aiki da su a firamaren jihohin Bauchi da Sakkwato, an tsara su daki-daki don masu fara karatu. Idan baki ya buɗe, sai Magana Jari Ce na Abubakar Imam mai juzu'i uku, da Ruwan Bagaja, da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ki riƙa karanta musu labari guda da dare, ki tsaya a inda ya fi daɗi. Za ki ga gobe su da kansu suna neman littafin.

Na uku, littattafan addini. Don koyon baƙaƙen Larabci akwai Ƙa'idar Bagadaza da Nurul Bayan. Don tsarki da salla akwai Ahalari da Ishmawi. Akwai Arba'una Hadisi na Imam Nawawi, da Hisnul Muslim don addu'o'in yau da kullum, da Khulasatu Nuril Yaƙin don tarihin Annabi (SAW), da Bari da Biba don fara Larabci. Amma ki kula, Alƙur'ani daga bakin malami ake ɗaukarsa. Idan tajwidinki bai zauna ba, ki bar ƙari ga malamin Islamiyya, ke ki tsaya a kan tilawa da bita. Kuskuren da yaro ya haddace yana da wuyar kankarewa.

Na huɗu, waya da intanet. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, inda ake samun darussan firamare da sakandare kyauta, har da na Hausa. African Storybook yana da ƙananan labarai masu hotuna cikin harsunan Afirka, ciki har da Hausa, ana iya sauke su a buga a takarda. Khan Academy kuma yana koyar da lissafi kyauta cikin Turanci, ke kanki za ki iya tuna abin da kika manta a can kafin ki koyar. Sai dai waya kayan aiki ce a hannunki, kada ki miƙa wa yaro ita ki tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a yini.

Na biyar, gari kansa. Idan kina Kano, ga ɗakin karatu na Murtala Muhammad, ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata. Kowane gari yana da nasa. Kakar yara ma taska ce, a bar ta ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici da tarihin zuri'a.

MAGANAR JARRABAWA DA TAKARDA

Nan ne iyaye da yawa ke yin sakaci, sai lokaci ya ƙure. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yin rajistarta, wannan ma wani dalili ne na barin sunan yaro a rajista. Ta shiga makarantun sakandaren Gwamnatin Tarayya kuwa hukumar NECO ce ke shirya ta ga 'yan aji shida. A matakin kammala sakandare, WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutum zai yi rajista ba tare da makaranta ba, kuma ana shiga jami'a da sakamakonta idan an samu kiredit biyar har da Turanci, aka kuma ci JAMB. Masu bin ɓangaren Larabci da addini suna da hukumar NBAIS.

Gaskiyar magana, karatun sakandare ya fi ƙarfin uwa ita kaɗai, musamman darussan kimiyya masu buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Idan yaro ya kai nan, a nemi hanyar mayar da shi makaranta, ko a ɗauki malamai masu zuwa gida.

TARKON DA NA FI JI WA TSORO

Uwargida, ki ji tsoron Allah game da 'yarki mace. Na ga gidajen da aka ce yarinya tana karatu a gida, ashe wanke-wanke take yi da raino, daga baya a ɗora mata tallan awara. Shekara ta zagayo, ƙannenta maza sun ci gaba, ita ko sunanta ba ta iya rubutawa. Idan lokacin karatu ya yi, ita ma ɗaliba ce kamar kowa, aikin gida ya jira.

Sannan ki rage bulala. A makaranta idan malami ya doki yaro, gida yake gudowa wajen uwarsa. Idan uwar ce malamar, wajen wa zai gudu? Idan kin ji ranki ya ɓaci, ki rufe littafin, gobe ma rana ce. Idan kuma kin ga yaro yana ƙanƙance ido, ko yana kai littafi dab da fuska, ko sai an maimaita masa magana sau uku, ki kai shi asibiti a duba ido da kunne kafin ki kira shi daƙiƙi.

Kada kuma ki ɗauki nauyin ke kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ya ɗauki darasi guda, ko da ranar Asabar ce, kuma ya ware kuɗin littattafai da alli, domin karatun gida ma yana da nasa kashe kuɗin. Ki haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku: wadda ta iya lissafi ta ɗauki lissafi, mai Turanci ta ɗauki Turanci, ko ku haɗa kuɗi ku ɗauki malama guda.

YAYA ZA KI SAN ANA CI GABA?

Ki sayi littafin rubutu guda, kullum ki rubuta kwanan wata da abin da aka yi, ko da layi biyu ne. Ki adana littattafan aikin yara, kada a ƙulla ƙosai da su. Duk ƙarshen wata ki ba yaro shafin da bai taɓa gani ba ya karanta, sannan ya faɗa miki abin da ya fahimta. Duk ƙarshen zango kuma wani malami daga waje ya gwada shi, domin ido ba ya ganin kansa. Ku yanke wa kanku wa'adi tun farko. Idan zango biyu suka wuce babu ci gaba, ko haihuwa ta zo, ko rashin lafiya, a mayar da yara makaranta, babu abin kunya a ciki.

Ita baiwar Allahn da na ba ku labarinta, mun zauna mun duba duk waɗannan abubuwa, ta je ta tattauna da maigidanta. A ƙarshe suka mayar da babbar makarantar gwamnati da ke unguwarsu, uwar tana yi mata bita da dare. Ƙananan biyu kuma tana koya musu a gida tare da 'ya'yan maƙwabciyarta, da niyyar sa su makaranta baɗi. Ranar Asabar da ta wuce ta zo mini da wata 'yar takarda a cikin jakarta, ɗanta mai shekara 6 ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, harafi biyu sun juya baya. Na ce ta adana ta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani duniya da lahira, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.